HAƘURI DA HA'INCI BA TAWAKKALI BA NE

Ya 'yan'uwa matasa, musamman na Bunkure, Kura da Garun Malam, maganar yau taku ce.

A kakar tumatir da ta wuce, wani ɗan'uwa a Bunkure ya haɗa kuɗin shinkafarsa da bashin da ya ci wajen yayansa, ya shiga birnin Kano ya sayi akori-kura a wani wurin sayar da motoci, don ya riƙa ɗaukar kwanduna daga gonaki zuwa Kwanar Gafan. Dillali ya rantse masa cewa ba a taɓa buɗe injin ba. Kwana tara mota ta fara zafi, lagireto yana tafasa. Ya mayar, suka riƙe ta mako biyu a garejinsu, suka karɓi kuɗin gyara, suka ce an gama. Lodin farko ta mace a hanya da kwando talatin a bayanta, rana ta dafe tumatirin mutane. Da wani makanike ya buɗe, sai ga kan inji a tsage, an liƙe shi da gam. Muka ce ya koma ya nemi haƙƙinsa, sai ya ce: "Ƙaddara ce, na bar su da Allah."

To, a nan muka rabu da shi. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma wa ya ce ƙaddara ta hana neman haƙƙi? Duk wanda aka cuta ya yi shiru, ya share wa macuci hanya ne ya cuci na bayansa. Kuma a yankinmu, inda ruwan dam ɗin Tiga ke biyo kanal ana noman rani, mota ba kayan ado ba ce. Tumatir ba ya jira. Mako biyu a gareji lokacin kaka, abincin iyali ne na watanni.

Ta yaya muka zo nan? A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, ana haɗa manyan motocin Fiat a Kano, Steyr a Bauchi. Mai saye ya san ƙofar da zai buga. Da aka kawo shirin SAP a 1986, Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, muka koma kan 'yan Kwatano. Can inda ake ƙera su, kamfani na kiran motarsa ya gyara kyauta in an gano aibi. An kira miliyoyin motoci saboda jakar iskar kariya ta kamfanin Takata, wadda takan fashe ta kashe direba, har kamfanin ya karye a 2017. Mu kuwa motar takan zo ta hannu na uku ko na huɗu, ba mai aiko mana ko da wasiƙa.

Amma duk da haka ba a bar mu hannu rabbana ba. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani. Wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar a ba shi kuɗinsa. Ita ma dokar kare masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta ba mai saye wata 3 ya mayar da kaya masu aibi, a gyara, a musanya, ko a mayar masa da kuɗi. Akwai hukumar FCCPC ta tarayya, Jihar Kano ma tana da tata. Saura me, in ba jahilci da kunya ba?

Don haka, ɗan'uwa, kada ka je sayen mota sai da makaniken da ka amince da shi. Ku hau ta da kaya, ku yi tafiya har inji ya yi zafi. Duk abin da dillali ya rantse a kai, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. In ka kai gyara, karɓi rasit mai kwanan wata, ka ce a ba ka tsohon ƙarfen da aka cire. In an ƙi sauraronka, fara da shugabannin dillalai ko na makanikai, sannan hukuma, sannan kotu. Ba zagi, ba dambe, hujja kawai.

Sai ku 'yan'uwa makanikai da yaran gareji da ke karanta wannan. Wanda ya je Ƙofar Ruwa ya sayo ɗan Beljiyam ya karɓi kuɗin sabo, ko ya ɗaure birki da waya ya ce an gama, shi da wancan dillali duk kanwar ja ce. Ba za mu yi ta kukan zalunci a bakin masallaci ba, sannan mu koma gareji mu yi namu. In ba ka iya aikin ba, ka ce ba ka iya ba. Rayukan mutane ne a kan titin Zariya.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ciyar da mu halal. Wassalam.