Miyar Asabar da muke ci har Laraba



Yau zan ɗan sauka daga maganar abincin kaji da canjin ruwan kifi, in yi maganar abincinmu mu masu kiwon. Kwanakin baya wani abokina ya zo gidana bayan sallar isha'i, aka kawo mana shinkafa da miyar kaza. Ya ci, ya yaba, har ya nemi ƙari. Da na ce masa ai miyar tun ranar Asabar aka yi ta, daga firiza aka ɗauko, sai ya ajiye cokali ya ce, "Haba mutumina, ni fa a gidana ba a ba ni miyar firiza." Na yi dariya kawai, don na san shi: in ba a ba shi ɗumamen tuwo da safe ba, ranar ba zaman lafiya. Tuwon da ya kwana a tukunya cikin zafi yana so, miyar da ta kwana cikin ƙanƙara kuma wai ita ce abin ƙyama.

Ra'ayina shi ne, gidan da miji da mata duk suna fita aiki, dafa abincin mako a rana ɗaya a ajiye a firiza dabara ce mai kyau, kuma ya kamata mu daina kiranta ƙyuya. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin na koye shi ne da wahala.

Ni daga sallar asuba nake fita gona, sai dab da magariba nake shigowa. Maiɗakina malamar makaranta ce, tana dawowa bayan la'asar da tulin littattafan yara da za ta duba. Farkon aurenmu, kwana uku a mako ba a ɗora tukunya da daddare. Sai dai in biya wurin mai shayi, ko a sayo na leda. Ka ji abin kunya: mai kiwon kaji, amma indomi ce abincin darensa. Da na zauna na yi lissafi irin wanda nake yi wa buhunan abincin kaji, sai na ga kuɗin da ke tafiya a ciye-ciyen waje ya isa ya yi mana cefanen mako har da canji.

Yanzu ga yadda muke yi. Ranar Asabar da safe ni nake zuwa 'Yankaba in sayo tumatir, tattasai, attaruhu da albasa, in kai markaɗe. Ni nake yanka kaji biyu, in fige, in gyara, in yayyanka. Ita kuma ta tafasa markaɗen har ruwan ya tsotse, ta soya rabi ta yi jar miya, rabin a ajiye haka. A dafa kaza a tsame, romon a zuba shi daban. A dafa wake mudu ɗaya. Kafin azahar mun gama. Ina faɗin wannan ne don maza su ji: in ka bar wa matarka aikin duka, ba ka rage mata komai ba, wahalar kwana shida ka tara mata a rana ɗaya.

Da daddare sai dai a dafa shinkafa ko taliya, ko a tuƙa tuwo, a ɗumama miya. Miyar kuka ma ba ma daskarar da ita, romon kawai ake ɗaukowa a sa daddawa a kaɗa kuka, minti goma an gama. Jar miya, miyar taushe, wake, alale da romo duk suna jure firiza. Dafaffen dankali, dafaffen ƙwai, tuwo da kayan salak ba sa jurewa, lalacewa suke yi, kar ma ka ɓata kayanka.

To ga sharaɗin. A bazarar bara mun yi tafiyar biki ta kwana uku. Ashe bayan tafiyarmu wutar unguwar ta lalace, ba a gyara ba sai daren da za mu dawo. Muka buɗe firiza muka ga komai a daskare kamar dutse, muka ɗumama miya muka ci. Kafin asuba ni da ita muna layin banɗaki, ita har sai da aka ƙara mata ruwa a asibiti. Miyar ta narke, ta yi kwana biyu cikin zafi, sannan ta sake daskarewa. Ido bai nuna mana komai ba, hanci ma haka.

Abin da na sani tun a aji amma ban ɗauke shi da muhimmanci ba shi ne, sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake yi. A digiri 18 ƙasa da sifiri suna nan kwance. Da zarar abinci ya shiga tsakanin digiri 5 zuwa 60 sai su farka su ci gaba da hayayyafa. Wasunsu ma suna barin guba a cikin abincin wadda tafasawa ba ta kashe ta, musamman a dafaffiyar shinkafa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a waje. A zafin Kano na watan Afrilu, da ake kai wa digiri 40, ni awa ɗaya nake ba shi.

Tun daga ranar muka kafa wa kanmu dokoki. Ba ma zuba miya a babbar roba ɗaya. Ƙananan robobi muke sa wa, kowace ta ci ɗaya, don ta yi saurin hucewa ta yi saurin daskarewa, kuma wadda aka fitar an fitar ke nan, ba ta komawa. Muna rubuta ranar da aka dafa a jikin murfin. Ɗanyen nama da ɗanyen kifi suna can ƙasa a ƙulle cikin leda, dafaffe yana sama, don kar jini ya ɗiga a kai. In za a ɗumama, sai ta tafasa sosai har tsakiya, ba a ɗan nuna mata wuta a sauke ba.

Duk gurbin da ya rage a firiza muna cike shi da fiya wata. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ta ba tana iya riƙe sanyi kusan awa 48 bayan an ɗauke wuta, mai rabin kaya kuwa kusan awa 24. Sannan ga mai gadinmu: gorar ruwa da aka cika rabi, aka kwantar da ita har ta daskare, sannan aka tsayar da ita. In ka buɗe ka ga ƙanƙarar tana nan a gefen gorar, lafiya. In ka tarar ta sauko gindi, to komai ya narke a bayanka, ko da yanzu ka gan shi a daskare. Ranar da na ga haka, dafaffen abincin zubar da shi nake yi. Asarar miya ta fi kuɗin asibiti sauƙi.

Na san wani zai ce, "Malam, kai da kake da wuta ke nan." Gaskiya ne, kuma ba zan musa ba. A watan Afrilun 2024 aka kai wutar 'yan Band A naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana, mafi yawanmu kuwa ba ma cikin wannan sahun. In unguwarku ana kwana biyu ba wuta, kuma ba ka da sola, ban ba ka shawarar tara dafaffen abinci ba. Ka koma dabarar iyayenmu. Tarwada ka yi mata banda ta bushe sosai. Kaza a soya ta ƙayau ko a yi dambunta, kamar yadda ake yi wa naman layya. Tumatir a yanka a shanya lokacin da yake araha da rani, ga kuka da busasshiyar kuɓewa. Duk wannan shi ma tanadin abinci ne kafin ranar buƙata. Kakanninmu sun daɗe suna yi, na'urar ce kawai sabuwa.

Wani kuma zai ce ɗanɗanon ba ɗaya ba ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan: miyar da ta yi wata biyu a firiza ba za ta yi daidai da ta yau ba. Shi ya sa mu ba ma wuce mako biyu. Amma ta kwana huɗu, abokina ma da ya fi kowa tsiya sai da na faɗa masa ya sani.

Mu masu kiwo kuma muna da ƙarin riba. Buroila in ta kai mako bakwai tana cin kusan giram 200 a rana, naman da take ƙarawa kuma yana raguwa. Ragowar kaji 40 da ba su samu mai saye ba za su cinye maka buhu mai kilo 25 cikin kamar kwana uku. Gara ka yanka wasu ka gyara ka ajiye, gida ya ci, a sayar da wasu a gyare. Sai dai ka ji tsoron Allah: kazar da ke kan magani ka jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika kafin ka yanka, don firiza ba ta cire magani daga nama. Mara lafiya kuwa kar ta shiga firizarka, balle ta wani.

Wanda yake so ya gwada, kar ya fara da yawa. Asabar mai zuwa a yi jar miya tukunya ɗaya da romo, a raba roba huɗu, a sa gorar nan a gefe. In mako ya zagayo ka lissafa abin da ka kashe, ka kuma tambayi uwargida yadda ta ji a jikinta.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya ba mu lafiyar cin abin da muka nema.