Makulli a Cikin Waya: Ci Gaban Mai Haƙan Rijiya

Tun kaka da kakanni aikin makulli ɗaya ne: a kulle, a jefa shi aljihu, a kama gaba da kwanciyar hankali. To, masu ƙera motoci a Amurka da Turai sun ce wannan tsohon yayi ne. A shekarar 2017 kamfanin Tesla ya fito da motarsa Model 3, wadda wayar mai ita ce makullinta. A 2020 kuma Apple ya shigar da makullin mota cikin wayar iPhone, ya fara da motocin BMW. Mu dai muna ganin wannan ci gaban mai haƙan rijiya ne, kuma ga hujjarmu.

A dubi mutumin da ya fito da sassafe zai yi sassarfa ko iyo. Wandon wasanni ba shi da aljihun kirki, ruwa kuwa ba ya ga maciji da waya. Sai ya tura ta ƙarƙashin kujera, ya rufe ƙofa, ya tafi. Ita kuwa irin motar Tesla ta hanyar Bluetooth take gane mai ita. In wayar ta matso sai ta buɗe, in ta yi nisa sai ta kulle kanta. Tunda wayar na ciki, a wurin motar maigida bai je ko'ina ba. Ke nan duk wanda ya ja ƙofa za ta buɗe masa, in ya taka birki ya sa giya za ta tafi da shi. Ɓarawo ya tsinci dami a kala: ga mota, ga wayar da ke ɗauke da asusun banki da sirrin iyali.

Masu kare wannan fasaha za su ce ai akwai magani. A kashe Bluetooth kafin a fita, a kulle da katin da ake bayarwa tare da motar, a kuma sa lambobin sirri guda 4 da ake dannawa kafin ta motsa, waɗanda kamfanin ya ƙaro a 2018. Mun ji, kuma muna shawartar duk mai irin motar ya yi hakan. Amma fa a lura, abin da aka ce ya zo ya rage wahala ya haifi farillai uku, wanda mantuwa da ɗaya kan iya jawo asarar dukiya. In har sai an riƙe kati, me aka tsere wa a tsohon makulli?

Babbar illar ma ba ta sata ba ce. Lokacin motsa jiki na cikin 'yan sa'o'in da suka rage wa ɗan Adam ya rabu da kira da saƙonni, ya saurari numfashinsa. Yanzu an ɗaure shi da wayar har a filin gudu, alhali masu iya magana sun ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Kada ɗalibai su ce wannan zancen Turawa ne. Motar da aka gaji da ita can, ita ke sauka a tashoshin jiragen ruwan Legas da Kwatano bayan 'yan shekaru. Idan ranar saye ta zo, mu nemi makullin da ke zaman kansa, mu rataya shi a wuya, mu bar waya a gida ta huta, mu ma mu huta.