Kyautar Gida ga Ɗa: Hauzi, Kan Sarki da Jingina

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya ku malamai da attajirai, ga wata mas'ala da ke raba zumunci a zamanin nan. Uba yakan tara shaidu a zaure ya ce ya ba ɗansa gida kyauta, a yi fatiha a watse. Ranar da ɗan ya nufi banki neman rance, ko ranar da uban ya kwanta dama, sa'an nan ake gane kyautar ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

Malamai sun san hukuncin Malikiyya, yana cikin Risala: kyauta ba ta cika sai da hauzi, watau ɗan ya karɓi gidan ya shiga hannunsa. In uba ya rasu kafin hauzi, gida ya koma gado. Kuma uba yana da ikon janye kyautarsa, sai fa in ɗan ya yi aure ko ya ci bashi a kanta. Wannan na shari'a ke nan.

Amma hukuma tana da nata sharaɗi. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna. Mai takardar mallaka ta gwamna ba shi da ikon sayarwa, ko jinginarwa, ko juya ta ga wani, ko da ɗan cikinsa ne, sai da yardar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, domin ba a nemi wannan yarda ba. Tun daga nan bankuna suka ƙara tsanani wajen duba takardu.

Sa'an nan ga kuɗin kan sarki, watau harajin da ake biya a buga wa takarda hatimi. Dokar 1939 ta lissafta kyautar gida kamar ciniki: kimar gidan ake dubawa, ko da ba a karɓi ko anini ba. A 2025 an tattara dokokin haraji wuri guda, harajin hatimi kuwa yana nan a ciki. Takardar da ba hatimi tana wahalar da mai ita a gaban alƙali, banki kuma ba ya karɓarta jingina.

Mafi nauyi duka shi ne gidan da ke da bashi a kansa. In uba ya jinginar da gida tun farko, takardar tana hannun banki, kyauta kuwa ba ta goge bashi. Ɗan zai shiga gida yana murna, alhali in biya ya tsaya, banki na iya yin gwanjonsa. Wanda ya ba da irin wannan gida bai faɗi ba, ya ɗora wa ɗansa kaya da sunan alheri.

Saboda haka shawararmu ga mai niyya: ya yi tun yana da lafiya, domin kyautar mai ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, kuma babu wasiyya ga magaji. Ya fara sauke bashin, ko ya zauna da banki a rubuta wanda zai biya. Ya sa lauya ya rubuta takardar kyauta, a nemi yardar gwamna, a buga hatimi, a yi rajista a ofishin filaye. Ya miƙa mabuɗi a gaban shaidu. Kuma ya tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru, ya daidaita tsakanin 'ya'yansa.

Kuɗin hatimi da na lauya suna da zafi a aljihu, gaskiya ne, amma ba su kai zafin 'yan'uwa suna jan juna kotu shekara da shekaru ba.

Allah ya sa mu gama lafiya. Wallahu a'alamu.