Mai Son Dillancin Fili Ya Fara Neman Maigida

Jama'a, a 'yan shekarun nan samarinmu da yawa a Nima da Madina da Zangon Kumasi sun shiga dillancin filaye da gidaje. Wasunsu ma ta ajinmu suka wuce. In ka tambayi ɗayansu wa ke koya masa, sai ya nuna maka wayar hannunsa.

Kakanninmu masu fataucin goro da shanu ba haka suka fara ba. Yaro yakan yi shekaru a ƙarƙashin maigida, yana raka baƙi kasuwa, yana kallon ciniki, kafin a bari ya karɓi la'ada da hannunsa. To, fili ya fi goro haɗari. Goro in ya lalace, huhu ɗaya aka yi asara. Cinikin fili in ya lalace, kuɗin da wani ya yi shekara goma yana tarawa a Jamus ko Jidda ne ya salwanta, kuma ƙofar iyayen dillalin za a zo a tsaya.

A nan Gana kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasa yana hannun sarakuna da dangogi. Tsarin mulkin 1992 ya hana sayar da filin sarauta ɗungurungum, haya ake bayarwa ta shekaru, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa hayarsa ba ta wuce shekara 50. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin muna da 'yan'uwa masu takardun Nijar da Nijeriya. Duk wannan a rubuce yake, mai karatu zai same shi. Amma wane dattijo ne ke da ikon sa hannu a madadin dangi a wani ƙauye bayan Kasoa, wane gida magada ke shari'a a kansa, wane fuloti aka sayar wa mutum uku? Wannan sai wanda ya daɗe yana taka wurin.

Kada a zaɓi maigida don girman motarsa. A nemi ganin lasisinsa, domin dokar 2020 ta wajabta shi ga dillalan gidaje da filaye. A lura ko yana kai safiyo ya auna, yana kuma bincikawa a Hukumar Filaye kafin a biya ko kafin alƙalami. A tambaya a unguwa ko ya taɓa ce wa mai saye, "Alhaji, bar wannan filin," alhali la'adarsa ce za ta tafi. Wanda ke yawo da 'yan daban tsaron fili kuwa, a guje shi; dokar 2019 ta haramta aikinsu, kuma yaron da ke tsaye a wurin shi ake fara kamawa.

Iyaye, yadda muke raka yaro wurin tela ko makaniki mu damƙa shi, haka ya kamata mu yi a nan. A je da dattijo ɗaya, a faɗi rabon la'ada tun ranar farko, a rubuta, kowa ya riƙe takardarsa.