Daga Ajin Malam: Waƙa a Bakin Mai Ita



Ran nan muna cikin darasi sai wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe mu ba Hausawa ba ne?" Muka ce, "Wa ya gaya miki haka?" Ta ce ai tun da take kallon wasan Hausa a talabijin, ba ta taɓa ganin Bahaushiya ta yi shiri ran Lahadi ta tafi sujada ba. Muka ba ta amsa, amma tambayar ta bi mu har gida.

Ba mu kaɗai ke da wannan ƙorafi ba. A Amurka da Ingila an daɗe ana gardama a kan fuskokin da ake nunawa a talabijin. A 2022 BBC ta zaɓi Ncuti Gatwa, baƙar fata haifaffen Ruwanda, ya zama jarumin Doctor Who, shirin da aka fara tun 1963. Waɗansu suka ce an yi adalci. Waɗansu kuwa suka ce aikin masu da'awar "farkawa" ne, watau masu son a cusa marasa rinjaye ko'ina don neman suna. Kowane gefe yana da abin dubawa. Wanda ba a taɓa nuna shi ba yakan ji kamar ba ɗan gari ba ne. Wanda kuwa aka sa don cika ƙirga kawai, an mai da shi ado.

Mu dawo gida. Talabijin ya zo Nijeriya a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962. A 2014 aka buɗe Arewa24 mai shirye-shirye da Hausa, a 2015 kuma ta fara Daɗin Kowa. A cikinsa muka ga Stephanie, Kirista, tana zaman mutunci da maƙwabtanta Musulmi. Wannan abin yabo ne, mun kuwa yaba.

Amma sau da yawa Kiristan da ke fitowa a wasannin Hausa baƙo ne, Hausarsa a karkace don a yi dariya. Ina Saratu mai surfen gero? Ina Baba Ɗanladi da ke zuwa barka da salla gidan ɗan'uwansa, shi kuma a kawo masa gaisuwar Kirsimeti? Ai ba jiya muka zo ba. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, kuma akwai dattawa a cikinmu da suka koyi karatu a makarantar mishan ta Roni.

To, mene ne abin yi? Zagin masu shirya wasa ba zai ƙara mana kome ba, gama mutum abin da ya sani yake rubutawa. Yawancinsu ba su taɓa shiga gidajenmu ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mu nawa ne ke yarda ɗanmu ya koyi rubuta wasa ko riƙon kyamara? Da ya ambata sai mu ce iskanci ne. Ga shi yau da wayar hannu ma ana ɗaukar wasa.

Abu na biyu ya fi wuya. A wasannin da matasanmu ke yi cikin ikkilisiya, yaya muke nuna Bafillatani, ko maƙwabcinmu Musulmi, ko kakanninmu Maguzawa? In kullum su ne mugaye ko wawaye, to, abin da muke kuka da shi ne muke yi wa waɗansu.

Mun sa 'yan aji biyar su rubuta gajeren wasa a kan gidajensu. Ita yarinyar nan ta rubuta na kakarta. Ku ma ku zauna da yaranku wajen kallo, ku tambaye su wa suka gani, wa kuma aka bari a baya.

Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.