Kuna kukan fada baƙo ne, kuma kun hana naku shiga

 Maganar yau ta 'yan'uwanmu Kiristoci 'yan Katolika ce, amma kowa ya tsaya ya ji, don maganar iyaye da 'ya'ya ce.

Akwai wani kuka da muka gaji da ji. Wai duk fadan da ya zo baƙo ne, Hausarsa ba ta nuna ba, bai san al'adarmu ba. To, mun ji. Amma ranar da yaro ya ce yana jin Allah na kiransa ya zama fada, ko yarinya ta ce tana son zama sista, wa ke fara tayar da hankali? Masu kukan nan ne dai. Uba ya ce: "Na sha wahalar lakwal ɗinka, yanzu wa zai riƙe ni?" Uwa ta ce: "Ni ba zan goya jika ba ke nan?" Maƙwabta su ƙara gishiri, wai ta rasa miji ne, wai shi kuma kuɗin Turawa ya hango.

Bari mu duba maganar kuɗin nan. Mai neman kuɗi a Damargu ya san hanya: hanyar Agadas ce zuwa Aljeriya ko Libiya. Hanyar zama fada kuwa, dokar coci ta ce sai an yi aƙalla shekara 6 ana karatun falsafa da ilimin addini, kuma ba a naɗa wanda bai cika shekara 25 ba. Yaranmu ma sai sun je Burkina Faso, Wagadugu ko Kumi kusa da Bobo, da yake bishop-bishop na ƙasashen biyu majalisarsu ɗaya. In an gama, ba mata, ba 'ya'ya, kuma inda bishop ya tura ka nan za ka. A ranar 16 ga Janairun 2015 an ƙone cocin Damagaram. A Satumban 2018 an sace Fada Pierluigi Maccalli a Bomoanga, bai samu kansa ba sai Oktoban 2020. Wane mai kwaɗayi ne zai zaɓi wannan sana'a?

Sai zancen "ta rasa miji". Sista Marie-Catherine Kingbo ta baro Senegal, ta kafa ƙungiyar sistoci a Maraɗi a 2006, ta yi ta aiki da mata da yaran ƙauyuka, Musulmi ne mafi yawansu, har rasuwarta a 2021. Ku tambayi mutanen Tibiri ko rashin miji ne ya kawo ta.

Iyaye, mun san tsoronku, kuma ba na banza ba ne. A ƙasar da damina ɗaya in ta ƙi sai rumbu ya zama wayam, ɗa shi ne rumbun tsufa. Kuna kuma cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Gaskiya ne, yaro kan ruɗe. Sai dai ita kanta coci ba ta yarda da "na ji a zuciyata" haka kawai. Yarinya za ta fara zaman gwaji, sannan horo na aƙalla wata 12, sannan alkawari na wucin gadi na shekara 3 zuwa 6, kafin a bar ta ta ɗauki na har abada. Duk tsawon wannan lokaci ana duba ta, tana duba kanta. Wadda ta ga ba hanyarta ba ce za ta dawo gida ta yi aure, ba abin kunya. Shi ma yaron seminari haka. To me ya sa za ku yanke hukunci a dare ɗaya kan abin da aka ware wa shekaru?

Ga sakamakon hanawar. Sai a 2013 aka naɗa ɗan Nijar na farko bishop, Laurent Lompo. Dayosis ɗin Maraɗi da muke ƙarƙashinsa, wanda ya haɗa Damagaram, Tawa, Agadas da Difa, da aka kafa shi a 2001 ɗan Burkina ne, Ambroise Ouédraogo, ya fara riƙe shi. Mun gode wa baƙin nan, sun yi ɗawainiya. Amma wanda bai shuka ba, da wane baki zai ce hatsin maƙwabci bai yi masa daɗi ba?

Ku kuma samari da 'yan mata, kada ku ɗauki wannan magana ku yi wa iyaye tsaurin ido. Kira ba mafakar gudun talauci ko gudun auren dole ba ne. Ku yi addu'a, ku nemi fada ku faɗa masa gaskiyarku, ku riƙe karatu, ku ga ko za ku iya yi wa mara lafiya hidima ba don a gani ba. In aure ne kiranku, shi ma kira ne mai daraja.

Iyaye, abu ɗaya muke roƙo: in yaro ya zo da maganar, ku zaunar da shi ku saurare shi, ku raka shi wurin fada, ku bar shi ya gwada. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya tsakaninmu.