Kafin Gori Ya Riga Mu Faɗa Masa

A shagunan littattafai na Ingila da Amurka akwai wasu ƙananan littattafan yara da aikinsu ɗaya ne: su bayyana wa yaro yadda aka yi ya zo gidan da yake. Hotuna sun fi rubutu yawa a cikinsu, domin an yi su ne don ɗan shekara uku zuwa bakwai. Wani na yaron da aka samu cikinsa da maniyyi ko ƙwan wani mutum daban ne, wani na wanda wata mace ta ɗauki cikinsa ta haifa wa iyayensa, wani na ɗan riƙo, wani na wanda iyayensa suka rabu. Duk lokacin da hoton bangon ɗaya daga cikinsu ya faɗo zaurukanmu na WhatsApp, an san abin da zai biyo baya: a'uzubillahi, Allah wadai, a tura wa na gaba. Daga nan kowa ya koma harkarsa yana jin ya kare tarbiyya.

Mu dai muna ganin ba a kare komai ba. Tambayar da waɗannan littattafai suke amsawa tana nan cikin gidajenmu tun kafin Bature ya san hanyar Kano, kuma har yau ba wanda ya zauna ya rubuta wa ɗan Bahaushe amsarta da harshensa. Zagin littafin wani ba ya cike gurbin littafin da ba a rubuta ba.

Ya kamata a fara sanin abin da ya haifar da su a can. Shekaru da dama likitoci a Turai da Amurka suna yi wa mata dashen maniyyin wani namiji, su ce wa ma'auratan su koma gida su manta, kada su taɓa faɗa wa kowa, har yaron. Yaran suka girma, da yawansu suka gano da kansu, wasu a bakin gawar uba, wasu a tsakiyar rikicin saki. Da aka saurare su, sai aka ji ƙorafinsu kusan iri ɗaya ne: ba yadda aka samu cikinsu ne ya fi yi masu ciwo ba, ƙaryar da aka shekara ashirin ko talatin ana yi masu ce. Suwidin ta hana ɓoye sunan mai ba da maniyyi tun 1985. Birtaniya ta bi sahu a watan Afrilun 2005, kuma yaran farko da dokar ta shafa sun cika shekara 18 a 2023, suka sami damar neman sunan wanda suka fito daga jikinsa. Ƙungiyar Donor Conception Network da iyaye suka kafa a Birtaniya a 1993 ita ke buga jerin littattafan Our Story, kuma shawararta ga iyaye ita ce a fara faɗa wa yaro tun yana ƙarami, yadda ba zai ma tuna ranar da ya fara ji ba.

Sai kuma gwajin DNA na gida ya zo ya ƙarasa rushe sirrin. Mutum ya tofa yawu a ƙaramar kwalba ya aika wa kamfani irin su 23andMe ko Ancestry, bayan 'yan makonni wayarsa ta jero masa 'yan uwan da bai taɓa jin sunansu ba. Ta haka marubuciyar Amurka Dani Shapiro ta gano tana da shekara 54 cewa mutumin da ya raine ta ba shi ya haife ta ba, ta rubuta littafinta Inheritance a 2019. Ta haka aka bankaɗo likitan nan na Indiyana, Donald Cline, wanda ya riƙa amfani da maniyyinsa ba da sanin matan ba, har aka ƙirga masa 'ya'ya fiye da 90. A 2023 wata kotu a Holan ta hana wani mutum ci gaba da ba da maniyyi bayan an gano ya haifi ɗaruruwan yara. Ashe littattafan nan ba ado ba ne. Magani ne da aka nema bayan an ji jiki.

Wani zai ce, to ina ruwanmu, mu addininmu bai yarda da waɗannan hanyoyi ba. Gaskiya ne malaman Sunna sun yi magana. Tun 1980 Shehu Jadul Haƙ na Masar ya ba da fatawar halatta dashen ciki a asibiti matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma auren yana nan. Shigar mutum na uku kuwa ya haramta. Majalisar fiƙihu ta Makka ta taɓa yarda a 1984 cewa kishiya za ta iya ɗaukar cikin kishiyarta, sannan ta janye a 1985. Iran ce ta bi wata hanya daban bayan fatawar Ayatullah Khamenei ta 1999. Ba mu zo jayayya da malamai ba. Amma a tambayi malaman dalilin haramcin, za su ce kiyaye nasaba ne, kada asali ya cakuɗe. To wanda ya ɗauki nasaba da wannan girma, ta yaya zai shekara ashirin yana ɓoye wa yaron da ke cin tuwo a gidansa wane ne ubansa? Suratul Ahzab ce ta zo da umarnin a danganta ɗan riƙo ga mahaifinsa, shi ya sa Zaidu ya koma Zaidu ɗan Harisa bayan an daɗe ana kiransa ɗan Muhammadu. Ba a kore shi ba, ba a rage masa ƙauna ba. An dai faɗi gaskiyar asalinsa a fili.

Mu duba gidajenmu da kyau. Akwai ɗan fari da aka kai yaye gidan kaka bai dawo ba, yana kiran kakarsa Inna, yana kiran mahaifiyarsa Yaya ko Anti, ita kuma kunya ta hana ta ko kama sunansa. Akwai yarinyar da aka ba gwaggonta wadda Allah bai ba haihuwa ba. Akwai agola da ya biyo uwarsa gidan wani mijin. Akwai marayun da rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga ya bari a Borno da Yobe da Zamfara da Katsina, waɗanda dangi ko baƙi suka ɗauka. Akwai jaririn da aka tsinta, aka kai gidan marayu, wasu bayin Allah suka karɓa. Akwai 'yan uwan shayarwa. Akwai kuma yaran dashen ciki, domin tun 1998 aka haifi jaririya ta wannan hanya a asibitin Nisa da ke Abuja, kuma yau ba boyayyen abu ba ne cewa ma'aurata daga Kano da Kaduna suna zuwa Abuja da Legas da Alƙahira neman haihuwa. Wasu asibitocin ƙasar nan suna yin aron ƙwai da aron mahaifa a fili. Ko mutum ya yarda da hanyar ko bai yarda ba, yaron ya riga ya zo, yana aji uku a firamare, kuma bai yi wa kowa laifi ba.

Abin dariya ma, sunan wani tsohon littafin Amurka na 1989 da aka yi ta rigima a kansa, Heather Has Two Mommies, yana nufin yarinya mai uwa biyu. A can maganar auren jinsi ce, kuma wannan wata muhawara ce daban. Amma a fassara sunan kawai ga yaron Fagge ko na Damagaram, zai ce ai shi uku gare shi: Umma, da Mama, da Anti Amarya. Gidan da ba uba ɗaya, uwa ɗaya, 'ya'ya biyu ba, shi ne gidan da muka fi sani. Duk da haka a buɗe yawancin littattafan karatun firamare, za a tarar da Baba da Mama da Ali da Binta kawai, kamar daga Landan aka kwafo su.

Tunda ba a faɗa wa yaran nan a gida, a ina suke ji? A bakin rijiya, ranar da faɗa ya haɗa su da ɗan maƙwabta ya ce je ka nemi ubanka. A ranar rabon gado, lokacin da malami ya gama lissafi saurayi ya ga babu sunansa, domin ɗan riƙo ba ya gado sai abin da aka yi masa wasiyya cikin sulusin dukiya, kuma marigayin bai yi ba saboda yin wasiyyar tona asiri ne. A ranar neman aure, da aka zo maganar waliyyi, ko wata tsohuwa ta tuna cewa ango da amarya sun sha nono ɗaya. Yanzu kuma an ƙara da asibiti. Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da na jinin sikila. Yarinyar da ta san iyayenta duka AA ne, aka miƙo mata takarda an rubuta AS, za ta yi tambaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mu da sana'armu rubuta manhaja ce, abu biyu aiki ya koya mana. Na farko, bayanin da aka shigar ba daidai ba tun daga tushe ba ya zama wuri ɗaya. Yana bin takardar haihuwa zuwa lambar NIN, zuwa fasfo, zuwa takardar asibiti, kuma kowace shekara gyaransa ƙara tsada yake. Na biyu, sirrin da ya shiga kwamfuta ya bar hannun mai shi. Kamfanin 23andMe da kansa an yi masa kutse a 2023 aka kwashi bayanan mutane kusan miliyan bakwai. Ba sai yaron ya yi gwaji ba ma. Ya isa wani ɗan baffansa da ke karatu a waje ya yi. Uban da ke lissafin zai mutu da sirrinsa yana lissafi ne da duniyar da ta wuce.

Mun san abin da za a ce: rufin asiri, kunya, da tausayin yaro. Muna girmama dukkansu. Amma akwai bambanci tsakanin rufa wa yaro asiri daga duniya da rufe masa asirin kansa. Na farko sutura ce, na biyu kuwa hana mutum haƙƙinsa ne. Sau da yawa ma unguwa kaf ta sani, mai labarin ne kaɗai ba a faɗa wa ba. Wa ake karewa a nan? Galibi babba ne: mijin da ba ya so a ce matsalar haihuwa daga gare shi take, da matar da ta gaji da jin kalmar juya daga bakin dangin miji. Ciwonsu gaskiya ne, amma ba yaron ne ya kamata ya biya ba. Masu cewa bai kai ya fahimta ba kuwa, su tuna ɗan shekara biyar a Islamiyya ya san Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah (SAW), ya san kakansa da baffansa ne suka riƙe shi bayan ya zama maraya, ya san Annabi Musa a gidan Fir'auna ya tashi. Bai ruɗe ba. Yaro ba ya tsoron labari, fuskar mai ba da labarin yake kallo.

Adabinmu ma bai rasa tushe ba. Jarumin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa agola ne a gidan Makau, daga baya Balarabe Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba amma ta raini 'ya'yan riƙo. Matsalar ita ce abin da ya fi isa kunnen yara shi ne tatsuniyar 'yar Mowa da 'yar Bora, inda gidan kishiyoyi fagen zalunci ne, sai kuma finafinai da littattafan soyayya da suka mayar da "ba ni na haife ka ba" makamin da ake cirowa a ƙarshe don a sa jarumi ya yanke jiki ya faɗi. Yaron riƙo da ya ga wannan ya koyi cewa labarinsa masifa ce.

Hukumominmu kuwa sun fi gwaninta a hani. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano da sunan gyaran tarbiyya. A 2023 an hana amfani da tsohon littafin koyon karatu The Queen Primer a makarantun jihar. To an hana, mun ji. Littafi nawa aka ɗauki nauyin rubutawa a madadinsu?

Ba muna kiran a fassaro na Turawa ba ne. Da yawansu ma suna da nasu ɓoye-ɓoyen: sai su ce wata mace mai kirki ce ta taimaka, su tsallake maganar kuɗi da talaucin da ke sa mace ta ba da aron mahaifarta, abin da ya kai Indiya ga haramta cinikin da dokar 2021. Namu muke so. Littafi mai shafi goma sha shida a kan yarinyar da ke da Inna da ta goya ta da Umma da ta haife ta, kuma ba wadda ta zama muguwa. Wani a kan agolan da ke da uba a Gusau da wani uban a Zariya. Wani a kan maraya. Wani a kan iyayen da suka shekara goma suna addu'a da zuwa asibiti kafin likita ya taimaka. A rubuta su da kalmomin da uwa za ta iya furtawa ba tare da ta sunkuyar da kai ba, malami da ungozoma da wanda ya tashi a riƙo su duba kafin a fitar. Kayan aiki ba su yi wuya ba: African Storybook da StoryWeaver suna karɓar labaran Hausa kyauta, manhajar Bloom kuma tana haɗa rubutu da hoto da murya ta yadda uwar da ba ta iya boko ba za ta kunna a waya.

Marubutan da ke iya fitar da littafi mai babi sittin a WhatsApp ba za su gaza shafi goma sha shida ba. Yaron zai ji labarinsa ko ana so ko ba a so. Abin da ya rage a hannun manya shi ne ko ya ji shi a kan cinyar wadda ta raine shi, ko a bakin wanda ke neman ya ci masa mutunci.